Sana'ar kai baƙi kallon tsuntsaye a kurmin tsauni: yadda ake tsara aikin daga Legas

Har yanzu in aka ce wa mutanenmu na Agege ko Idi-Araba akwai wanda zai biya kuɗin jirgi da na mota da na masauki don ya je ya ga tsuntsu da idonsa kawai, ba kamawa ba ci, sai su riƙe baki. Amma sana'a ce mai ci da mutum, kuma Bahaushe yana da rabo babba a cikinta, domin wuraren da baƙin suka fi so suna kan tsaunukan gabashin ƙasar nan, inda Hausa da Fulatanci ke buɗe ƙofa. Masu kuɗin tafiyar kuwa yawancinsu a Legas suke ko ta Legas suke saukowa: ma'aikatan kamfanoni na Ikoyi da Victoria Island, malaman jami'a, masu ɗaukar hoto, da baƙi daga Ingila da Jamus da Afirka ta Kudu.

Abin da muke kira kurmin hazo shi ne dajin da ke kan tsauni mai tsayi, daga wajen mita 1,400 zuwa sama. Iska mai ɗauke da laima tana tasowa daga teku, ta ci karo da tsauni, ta hau. Duk hawan mita 1,000 zafinta yana raguwa da digiri 6 ko fiye kaɗan, sai laimar ta zama gajimare ta kwanta a cikin itatuwa. Shi ya sa rassan suke lulluɓe da gansakuka da ƙananan tsirrai masu ratayewa, ƙasa kuma ba ta cika bushewa ba. Jerin tsaunukan ya faro ne daga tsibirin Biyoko, ya bi ta yammacin Kamaru, ya taɓo mu a Obudu da Mambila da Gashaka. Tsuntsayen da ke zaune a can sun saba da sanyi, ba sa sauka ƙasa mai zafi, don haka kowane tsauni ya zame musu kamar tsibiri. Akwai nau'o'in da duk duniya sai a wannan jerin ake samunsu. Cikin nau'o'in tsuntsaye sama da 900 da aka lissafa a Najeriya, waɗannan 'yan ƙalilan ne ke sa mutum ya tsallako teku.

Wurare uku muke kai mutane. Na farko Obudu a Jihar Kuros Riba, kusan mita 1,600, da ɗan kurmin Becheve da ke kusa da masaukin baƙi. Ana sauka a Kalaba ko Inugu, a ƙarasa da mota ta Ogoja, sannan a hau hanyar nan mai tsawon kilomita 11 da lanƙwasa 22. Na biyu Ngel Nyaki a kan Mambila, Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kusa da ƙauyen Yelwa, maƙwabcin Kurmin Danko. Daga Jalingo ake bi ta Bali da Serti, a fara hawan dutse daga Mayo Selbe zuwa Maisamari. Na uku tsaunukan cikin gandun Gashaka-Gumti, inda Chappal Waddi yake, mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a ƙasar nan. Wannan na masu ƙarfin ƙafa ne, kwanaki ake yi ana tafiya da 'yan dako da ma'aikacin gandu, kuma sai an karɓi izini a ofishinsu na Serti.

Kuskuren da ya fi kashe sabon shiga shi ne ƙididdige kwanaki. Ya ga tafiyar Obudu kwana ɗaya ce a taswira, sai ya sayar wa baƙo kwana uku: zuwa, kallo, dawowa. To, safiya ɗaya ke nan a kurmi. In hazo ya rufe a wannan safiyar, an yi asarar komai. Mu ba ma karɓar tafiyar da ba ta kai kwana uku cur a kan tsauni ba, ban da ranar zuwa da ta dawowa, Mambila kuwa huɗu. Jirgin cikin gida yana iya jinkiri, don haka ba a haɗa ranar saukowa daga tsauni da ranar da baƙo zai tashi daga Ikeja zuwa ƙasarsa. A bar kwana ɗaya a tsakani.

Lokacin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Maris. Obudu yana samun ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, kuma tsakanin Yuli da Satumba ana iya wuni ba a ga abin da ke taku goma gaba ba. Nuwamba ta fi daɗi: ruwa ya ɗauke, ciyawa kore, hanya ta fara bushewa. Disamba da Janairu akwai ƙurar hunturu da hayaƙin ƙona ciyawa, suna dusashe hoton nesa, amma cikin kurmi ba su hana aiki. Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, gab da saukar ruwan farko, tsuntsaye sun fi kuka, wanda ke aiki da kunne kuwa wannan ne lokacinsa.

Kuma da kunne ake aikin. A fili, bakin tafki ko fadama, ido ke gano tsuntsu. A kurmi ganye ya yi yawa, haske kaɗan ne, mafi yawan abin da za a rubuta jin sa ake fara yi kafin a gan shi, wani ma ba za a gan shi ba sam. Jagoran da bai haddace kuka ba ɗan rakiya ne kawai. Yaron da muke koya wa aiki muna ba shi kukan nau'i biyar a mako, daga rumbun xeno-canto da ke intanet, ya saurara safe da yamma har sai ya iya faɗar sunan kowanne idonsa a rufe. A Legas yake fara gwaji, a wurin kiyaye daji na Lekki mai hekta 78 da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya (NCF) ta buɗe a 1990. Tsuntsayen can ba irin na tsauni ba ne, amma darasin ɗaya ne: tsayuwa cik, gano inda sauti ya fito, da ɗora madubin hangen nesa kan abu ba tare da an ɗauke ido daga kansa ba. Wanda ya nuna himma muna tura shi ya ƙara ilimi wurin mutanen cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos.

Ranar aiki tana farawa ƙarfe 5. A yi sallar asuba, a sha shayi mai zafi, ƙarfe 6 a kasance a bakin kurmi. Rana tana fitowa wajen 6:30. Ba a kutsawa ciki da farko, don ciki duhu ne da sanyi, tsuntsayen ma ba su motsa ba. Ana tsayawa ne a gefen da ke fuskantar gabas, inda hasken farko ke dukan itatuwa, rana tana bayan masu kallo. Nan ƙwari ke fara tashi, nan ake ganin marai na Bannerman, rawaya mai baƙar fuska, wanda ya fi son bakin kurmi da sarƙaƙiya, da sha-kauci iri-iri a kan fure. Wajen ƙarfe 8 sai a shiga ciki. Daga 11 zuwa 3 kurmi yakan yi tsit, gajimare kuma yakan taso daga kwari. Lokacin abinci da hutu da rubutu ke nan. La'asar a sake fita.

A cikin kurmi ana iya yin rabin awa ba a ji ko motsi ba, baƙo ya fara tsammanin an cuce shi. Dalili shi ne tsuntsayen suna yawo ne a ayari, nau'i goma ko fiye tare, kowanne da hawan da yake kiwo. In ayarin ya iso, cikin minti biyar za a ga abin da ba a gani ba tun safe, sannan ya wuce. A gaya wa baƙo wannan tun kafin a shiga. Wanda yakan tona zuwan ayari a Obudu shi ne wani mai ruwan ƙasa da farin maƙogwaro, da ake rubutawa Kupeornis gilberti, mai surutu, yana bin reshe yana tonon gansakuka, wani lokaci kai a ƙasa. Da an ji su, a sha gabansu a tsaya, kada a bi su a baya. Abu biyu kuma da ba a wucewa: ɓaure mai 'ya'ya, inda hasbiyar tsauni da turako, tsuntsu mai tukku da dogon bindi, ke taruwa, da jerin ƙwarƙwasa a ƙasa. Ƙwarƙwasa tana koro ƙwari daga cikin busasshen ganye, tsuntsayen ƙasa masu kunya kuma suna biye da ita suna tsinta. A tsaya mita biyar nesa da jerin, wando a cikin safa.

Madubin hangen nesa da ya dace shi ne 8x42, wato mai kusanto abu sau 8, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 42. A raba 42 da 8, a sami 5.25: faɗin hasken da ke shiga ido ke nan a milimita. Mai 10x42 yana ba da 4.2, ya fi jawo abu kusa amma ya fi duhu, filinsa ya fi ƙunci, hannu kuma ya fi rawa da shi. A kurmi haske da faɗin fili sun fi kusantowa amfani. Lallai ya zama wanda aka cika da iskar naitirojin aka toshe, in ba haka ba laima ta shiga ciki ta yi gumi, kuma ba a iya goge ta daga waje. Gumin da ke kwanciya a waje kuwa daga numfashi da ɗumin fuska yake zuwa kan gilashi mai sanyi. A rataya madubin cikin riga minti goma kafin a fara. Babban madubi mai ƙafa uku a bar shi a mota sai an fito fili.

Ɓarnar kaya mafi tsada ba a tsauni take faruwa ba, a Legas take faruwa bayan an dawo. An jefa madubi da kyamara cikin jaka da laimarsu, an ajiye a ɗaki mai zafi, bayan 'yan watanni sai a ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashi. Fumfuna ce, kuma tana cinye rufin gilashin. Muna shanya kaya a inuwa mai iska kwana ɗaya, sannan a sa su a akwatin roba mai rufe iska da ƙwayoyin silika masu tsotse laima, da ɗan ma'aunin laima, a riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. In launin ƙwayoyin ya sauya, a gasa su su bushe a mayar.

Kunna kukan tsuntsu a lasifika don a jawo shi yana aiki, shi ya sa ake wuce gona da iri. Namijin da ya ji kukan yana zaton wani namiji ya shigo masa fili, sai ya bar kiwo ko sheƙa ya zo faɗa. Ƙa'idarmu daƙiƙa 30, a yi shiru minti biyu, a maimaita sau ɗaya, in bai zo ba a wuce. Kusa da sheƙa ba a kunnawa. Kurmin Becheve ƙarami ne, tsuntsaye ɗaya ne kowane ayarin baƙi ke kira, kuma wanda aka dame shi da yawa yakan daina amsawa ga kowa. Haka tocila mai koren ɗigo: a ɗora ɗigon a kan reshe ƙasa da tsuntsun da kamu biyu, a ce "sama da nan", ba a kan jikinsa ba.

Mutum shida ne iyakar ayari. Turbar kurmi ta mutum ɗaya ce, na bakwai ba ya ganin komai sai bayan na shida. Kowane minti ashirin na gaba ya koma baya. Tufafi masu duhun launi, ban da farar riga da rigar ruwa mai ƙarar leda. Dare a Mambila yana da sanyin da ɗan Legas bai saba da shi ba, sai da rigar sanyi da hula. Maganin zazzaɓin cizon sauro ba a fasa shi don za a hau tsauni, domin a ƙasa ake kwana a hanya.

Mota mai jan ƙafa huɗu ake ɗauka, da direban da ya san dutse. Wurin hawa injin ke zafi, wurin sauka birki ke ƙonewa in aka danne shi ba sassauci. Da giya ta ɗaya ko ta biyu ake saukowa. A cika tanki a ƙasa, a riƙe tsabar kuɗi don layin waya yana ɗaukewa, a sauke taswira da jerin tsuntsaye na manhajar eBird a waya tun daga gida. Ba ma tafiyar dare, kuma kafin a tashi daga Legas sai mun kira mutanenmu na can mun ji halin hanya.

Wajen farashi, ana lissafa jirgi, hayar mota da mai, masauki, abinci, kuɗin shiga, ladan jagoran gari da 'yan dako, a ƙara kashi 10 na abin da ba a zata ba, sannan riba. Rabin kuɗi kafin a sayi tikiti. Kamfani ya kasance da rajistar CAC da asusun banki da sunansa, don baƙon waje ba ya tura kuɗi asusun mutum. Kada kuma a yi alkawarin tsuntsu. Akwai masu zuwa da sunan turako na Bannerman a takardarsu. Wannan a tsaunukan Bamenda na Kamaru yake, wajen Oku, ba a Najeriya ba, kuma rikicin yankin tun 2017 ya sa ba ma kai kowa can. A faɗa masa gaskiya kafin ya biya. Mai neman tsuntsun nan mai sanƙo da ke gina sheƙar laka a jikin dutse, Picathartes oreas, a ƙara masa kwana biyu a dazukan Afi ko Okwangwo da ke ƙasa, a zauna shiru kusa da kogon da yamma.

Jagoran gari ba abin da za a rage don a sauƙaƙa farashi ba ne. Shi ya san ɓauren da ya nuna a wannan makon, shi zai kai ka gaisuwa wurin Jauro ko Arɗo kafin a taka daji. Kurmin da ya rage a kan waɗannan tsaunuka 'yan gutsattsari ne a cikin kwaruruka, ciyawa ta kewaye su, kuma kowane rani wuta tana cin bakinsu, shanu suna tattake 'ya'yan itacen da za su maye gurbi. A Ngel Nyaki, aikin binciken da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta kafa yana killace fili yana dasa itatuwa da hannun mutanen Yelwa. Muna sayen abinci a ƙauyen, mu ɗauki 'yan dako a can, mu biya a gaban jama'a. Jerin abin da aka gani kowace rana kuma, da wuri da awa da adadi, muna shigar da shi ta manhajar BirdLasser cikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wadda ta raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a kowane gefe, kuma sai an yi aƙalla awa biyu ana kallo a gida ɗaya kafin lissafin ya cika.