Daga Flamborough zuwa Spurn: gaɓar da teku ke ci

Na bi gaɓar Holderness da ke gabashin Ingila daga arewa zuwa kudu, tafiyar kusan kilomita 60. A Flamborough na fara, inda gaɓar dutsen alli ce, igiyar ruwa na dukanta dare da rana amma da ƙyar take gutsurarta. Ina wuce Bridlington sai ƙasa ta sauya, ta koma laka mai haɗe da tsakuwa, wadda ƙanƙarar da ta taɓa lulluɓe yankin a tsohon zamani ta bari. Ita teku ke ci, kusan mita 2 a shekara.

Ɓarnar ta sama da ƙasa ce. Ruwan sama ya jiƙa lakar ta yi nauyi ta zame, igiya kuma ta rarake gindin gaɓar ta kwashe abin da ya zubo. Yawancinsa laushi gare shi, ruwa ke wucewa da shi, shi ya sa yashin da zai rage wa igiya ƙarfi bai taka kara ya karya ba. Ɗan wanda ya saura ma ba ya zama. Manyan igiyoyi daga arewa maso gabas suke zuwa, su tura shi tudu a karkace, ya gangaro a miƙe, da haka yake rarrafawa kudu.

A Mappleton na fi daɗewa. A 1991 aka gina shingayen manyan duwatsu biyu da suka kutsa cikin ruwa don tare yashi, kuma sun tare: ƙauyen da hanyarsa sun tsira. Sai dai ina leƙawa kudu da shingen na ga gaɓar ta lotsa ciki, domin yashin da ya kamata ya kare ta an riƙe shi a baya. A ganina ba a hana zaizaya ba, gaba aka tura ta.

Tafiyar ta ƙare a Spurn, siririn tsirin yashi a bakin kogin Humber. A Disambar 2013 guguwa ta haɗu da cikar teku, ruwa ya yanke hanyar mota. Tun daga 1900 tekun duniya ya ɗaga da kimanin santimita 20, saboda ruwa na kumbura in ya ɗumama, ƙanƙara kuma na narkewa. Ba yawa a ido, amma a kansa kowace igiya ke hawa ta kai inda da ba ta kaiwa. Sai da na duba jadawalin cikar teku kafin na tsallaka da ƙafa, don in ya cika sosai rufe wurin yake yi.