Yadda muka zaunar da iyali 12 a fuloti ɗaya a Palladan

Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take jawo jama'a Samaru da kewayenta, fili kuwa ba ƙaruwa yake yi ba. Shi ya sa da wani Alhaji ya kawo mini fulotinsa na Palladan, ƙafa 100 da 100, ya ce in zana masa gidan haya, na san ba zancen shimfiɗa gini a ƙasa. Muka tsaya a kan hawan ƙasa da bene biyu, gida huɗu a kowane hawa.

Abin da na fara tsayarwa shi ne awo. Ɗaki da falo duk faɗinsu ɗaya, mita 3.6, kuma bangon sama a kan na ƙasa yake zaune daidai. Rodi yana zuwa da tsawon mita 12, saboda haka kowane sanda gida uku ake yanka shi, mita huɗu-huɗu, ba guntun da za a jefar. Katakon da kafinta ya kafa don zuba dakin (wato kankaren daɓen bene) na farko, shi aka kwance aka hau da shi na biyu. Lintal na ƙofofi da tagogi a ƙasa muka zuba su cikin akwati guda, suka bushe, birkiloli suna ɗauka suna ɗorawa, ba a tsayar da aiki ana jira ba. Kicin da banɗaki na jingina su baya da baya, na sama a kan na ƙasa, bututu ɗaya ya ishe su har sokawe. Da hunturu muka zuba kankare, kuma iskar Zariya a lokacin shanye ruwa take yi, don haka na sa a lulluɓe shi da buhunan algarara ana jiƙawa safe da yamma.

Inda muka ja da mai gida shi ne tsakar gida. Ya dubi zanen ya ce, "Injiniya, wannan filin da ka bari a tsakiya ai ɗaki shida ne." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ɗaki shida ne, amma a ina matan gidan za su yi shanya? A ina za a ɗora tukunyar suna?" Ni a cikin Birnin Zariya na tashi, gidan zaure da tsakar gida, na kuma san magina irin su Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya ba su yi wasa da iska da sutura ba. Kuɗin da muka yi tsiminsu a rodi da katako na lissafa masa a takarda, sannan ya yarda.

Don haka baƙo a zaure yake tsayawa, ba ya hango cikin gida daga titi. Babu ƙofar da ke kallon ta maƙwabci. Baranda na kare ta da bulo mai huji, mace tana ganin yaranta a ƙasa ba a ganinta. Manyan tagogi suna kallon kudu da arewa, bangon yamma kuwa matakala na ba shi, ita ke shan ranar la'asar a watan Afrilu. Masu haya sun tare, kuma abin da suka fara roƙo shi ne a ƙara musu famfo a tsakar gidan, kusa da wurin wanki. An ja musu daga tanki.