Sandar da na kafa a bakin fadama

Assalamu alaikum 'yan'uwa abokan koyo. Yau mako bakwai ke nan da na fara ƙidayar 'ya'yan kifi a wani lungu na fadamar Haɗeja zuwa Nguru, gefen da ruwan Marma ke bi kafin ya faɗa tafkin Nguru.

Sanda ce ta gyara mini aiki. Na samo doguwa, na yi mata zane da fenti duk bayan santimita 10, na kafa ta inda nake shiga ruwa. Kun san ruwan nan ya daɗe da daina bin damina kaɗai. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, hawansa da saukarsa suna bin abin da aka sako daga can Kano. Ni kuwa a makonnin farko sai in rubuta "yau kifi ya yi yawa", gobe in rubuta "yau babu", ban taɓa auna zurfi ba. Ashe ranar da na yi ta murna, ruwa ne ya janye ya tattara su a kwari guda. Shafukan nan sun tashi a banza, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Yanzu kafin taru ya taɓa ruwa sai na duba sanda na rubuta.

Bayan sallar asuba nake fita, wurare uku, kowanne ja uku, taku goma-goma, ni da ƙanena. Mu juye a robar ruwa cikin inuwa, mu auna tsawo, mu mayar da su nan take.

Ganewa ce ta fi ba ni wuya, don kifin da bai kai yatsa ba kusan duk kamarsu ɗaya. Ɗan ƙarfasa yana da baƙin ɗigo can ƙarshen fiffiken bayansa, wannan na kama shi da wuri. Tarwaɗa da ramboshi kuwa sai da wani dattijon masunci ya tsuguna kusa da ni, ya ce, "Yaro, bar kallon gashin baki, dubi gadon baya." Na tarwaɗa fiffike ɗaya ne dogo har kusa da wutsiya, na ramboshi ya rabu biyu, na bayan tsoka ce zalla babu ƙaya. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Sai da na koma na gyara shafi biyu.

Don Allah kada wanda ya yi taru da gidan sauro mai magani. Na yi sau ɗaya, kafin in gama awo rabin robar sun juya ciki sama. Maganin da ke jikinsa dafi ne ga kifi. Ku kuma sa dogon takalmin roba saboda tsargiya.

Saura matsalar kachala, doguwar ciyawar nan mai fitowa cikin ruwa. Sakin ruwa da rani ya sa ta cinye wurare da dama, taru ba ya jawuwa a cikinta, alhali ina ganin motsin ƙananan kifi a gindinta. Baba ya yi alkawarin ara mini ƙananan mali guda biyu, wato tarkon kama kifi, in bar su su kwana a cikinta ranar Asabar, in kuma duba sanda da yamma da safe.