Shuka kayan miya a gidan haya a Legas

Wanda ya taso daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya sauka Legas, ya kama ɗaki a Agege ko Idi-Araba, ko ya samu aikin gadi a Lekki, ba ya daɗewa kafin tsadar kayan miya ta dame shi. Yawancin tumatir, tattasai da albasar da ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga arewa suke zuwa, kuɗin mota da asarar hanya duk a kan mai saye suke ƙarewa. Ga ruwan sama yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ga hannu ya saba da noma tun yarinta. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ke neman lungu a tsakar gida mu shuka wani abu. Da yawa kuma shukar farko lalacewa take yi, ba don rashin iya noma ba, sai don an yi noman gida a ƙasar da ba ta gida ba.

A gida duk dabarar manomi ta tare ruwa ce. Ana haƙa tassa, wato ƙananan ramuka, don ruwa ya kwanta a gindin gero, ana yin fangali mai zurfi a lambu don kada ɗigo ya tsere. Ruwan shekara a yankin Maraɗi bai cika wuce milimita 500 ba, na Legas kuwa ya haura ninki uku na haka. Nan abin da ke kashe shuka shi ne ruwan da ya kwanta, da inuwar gine-gine, da danshin iska da ke kawo ruɓa. Saboda haka sai ka juya abin da ka sani: maimakon rami, tudu; maimakon tare ruwa, buɗe masa hanya. Damina takan fara wajen Maris ko Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo Satumba da Oktoba. Rani daga Nuwamba zuwa Maris ne, hunturun ma ɗan kaɗan ne, bai kai na gida ba ko kusa.

Kafin ka sayi buhu ɗaya, yi magana da mai gida ko wakilinsa. A gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ta kowa ce, nan ake shanya, nan ake girki, nan yara ke wasa. Idan kai mai gadi ne, faɗa wa Alhaji ko Madam ainihin inda za ka jera kayan da yawansu, kada su wayi gari su ga gona a bayan janareta. Kada ka ɗora komai a kan kwata ko hanyar masu tafiya a ƙasa, domin dokar tsabtar muhalli ta jihar ta hana toshe su. Maƙwabciya Bayarabiya da ka riƙa miƙa wa damin lalo lokaci-lokaci ita ce za ta kore maka kaji ranar da ba ka nan.

Daga nan sai ka ƙidaya rana. Ɗauki yini guda ka lura da sa'o'in da hasken rana ke faɗa wa wurin kai tsaye. Sa'a 6 zuwa sama, kuɓewa, attarugu da tumatir za su yi. Sa'a 4 ko 5, tsaya ga ganye. Ƙasa da haka, citta ce kawai da daddoya da ganyen nan mai ruwa-ruwa da ake kira gbure a kasuwa za su jure. Wanda ya sa attarugu a lungu mai inuwa zai samu doguwar shuka siririya, fure na zubewa, ba ɗa ko ɗaya, sai ya ce irin ne ba shi da kyau.

Mazubi ba ya wahalar samu. Buhun shinkafa mai kilo 50, bokitin fenti mai lita 20 da aka wanke tas, jarkar man gyaɗa mai lita 25 da aka yanke mata kai, tsohon baho. Bokiti da jarka a huda su da ƙusa mai zafi, huda 8 zuwa 10, wasu a ƙasa wasu a gefe kamar yatsa biyu daga gindi, domin hudar ƙasa kaɗai takan toshe idan mazubin ya zauna a kan siminti. Buhu a naɗe bakinsa ya koma tsayin kamu biyu, a yanke kusurwoyinsa biyu na ƙasa. Rana tana cin buhu, cikin watanni sai ka ga yana yagewa da ka taɓa shi, don haka saka ɗaya cikin ɗaya. Duk abin da ka yi amfani da shi, ɗora shi a kan bulo ko katako. Unguwanni da yawa ruwa na shiga tsakar gida a watan Yuni da Yuli, kuma ruwan kwata ne ya gauraya da shi. Game da rufi: bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 30, buhu ya fi haka. Rufin kankare mai ƙwari na iya ɗaukar 'yan kaɗan idan an jera su ta gefen bango ko kan ginshiƙi. Rufin kwano kuwa, ko a mafarki.

Ƙasar da za ka zuba ita ce rabin aikin, nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ƙasar Lekki da Ajah yashi ce zalla, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Jar ƙasar wajen Agege da Ikeja kuma idan ta shiga bokiti daskarewa take yi, saiwa ta rasa iska. Haɗin da ke aiki: kashi 2 na baƙar ƙasar sama, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, kashi 1 na abin da zai sassauta ta, wato yashi mai gautsi, ko garin gawayi daga wurin masu sayar da gawayi, ko ɓawon kwakwa da aka daddatsa aka jiƙa kwana biyu ana sauya masa ruwa. Kada ka ɗebi ƙasa a bola, ko garejin kanikawa, ko bakin babban titi. Baƙi ƙirin take, tana da kyan gani, amma akwai baƙin mai da ragowar batir a ciki, ganye kuma yana ɗaukar gubar, wanki ba ya fitar da ita.

Taki yana nan a hannun 'yan uwanmu: kashin shanu a mayankar Oko-Oba da ke Agege, na tumaki da awaki a wurin masu sayar da su, na kaji a gonakin kaji na wajen Ikorodu da Epe. Matsalar ita ce ɗanye ake samunsa. A gida rana ce ke busar da taki ta kashe zafinsa, nan sai ka tara shi da kanka, ka rufe da leda saboda ruwa, kana juyawa mako-mako har mako 4 zuwa 6. Idan ka tura hannu ka ji ba zafi, wari ya tafi, ya yi baƙi yana marmashewa, ya nuna. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake cikin kwanaki, ya tara ƙuda, maƙwabta su kai ƙararka. Idan ƙasar ta taɓa ɗaukar tumatir ko kuɓewa aka ga ƙulli-ƙulli a saiwarsu, akwai tsutsar ƙasa wadda ido ba ya gani. Yayyafa wa ƙasar ruwa, zuba a rabin duro, ɗora a wuta kana juyawa kamar rabin sa'a har ta yi tururi, bari ta huce sannan ka haɗa da taki.

Abin da ya fi biyan wahala a ƙaramin wuri ganye ne. Alayyafo, wanda masu sayar da iri ke kira tete, shi ne na farko. Irin ƙanana ne ƙwarai, gauraya ƙaramin cokali ɗaya da yashi cikin tafin hannu biyu ka barbaɗa, kada ka binne shi, shafa ƙasa kaɗan a kai kawai, ka rufe da tsohon buhu kwana 3 don ruwan sama kada ya tattara shi gefe guda. Bayan kwana 10 rage shi ya zama tazarar faɗin tafin hannu. Mako 4 ya isa ci. Idan ka yanka shi ka bar gaɓa biyu ko uku maimakon tugewa, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Shuka buhu ɗaya kowane mako biyu, ba duka rana ɗaya ba, in ba haka ba ya zo maka gaba ɗaya ya yi fure ya tsufa. Lalo, ewedu a bakin mutanen gari, irinsa taurin ɓawo gare shi, idan ka shuka haka nan kaɗan ne zai fito. Ƙulle shi a ƙyalle, tsoma a ruwan da ya tafasa aka sauke, ƙidaya goma, ciro, shanya a inuwa, shuka washegari. Yakuwa da rama suna yin ganye sosai a nan, ka riƙa tsinke kansu su yi rassa. Ugu, ganyen wata shuka mai yaɗo dangin kabewa, ba abincin gida ba ne amma wanda ya zauna Legas zai koye shi: irinsa ba a busar da shi, sabo ake shukawa daga cikin ƙwaryarsa, ɗaya ko biyu a buhu, a yi masa rumfa ko igiya ya hau katanga, a riƙa yankan sababbin rassa duk mako biyu zuwa uku. Zogale a ba shi mazubi mafi girma da huda mafi yawa, domin ruwa ya kwanta masa kwana kaɗan saiwar ta ruɓe. Da ya kai ƙugu a sare kansa.

Kuɓewa biyu a buhu, ɗaya a bokiti, a jiƙa irin ya kwana. Cikin wata biyu ta fara bayarwa, a riƙa tsinka duk kwana biyu, wadda aka bari ta ƙosa tana hana sababbi fitowa. Attarugu yana son wannan yanayin fiye da tattasai. A rene shi a baho mako 5 zuwa 6, a dasa da yamma, ɗaya a bokiti, zai iya shekara yana ba ka.

Tumatir shi ne ke karya zuciyar baƙo. Shuka ta yi kore shar, ta fara fure, sai rana ɗaya ka tarar ta yanƙwane gaba ɗaya alhali ƙasa a jiƙe take, ganyen ko rawaya bai yi ba. Ƙara ruwa ba ya tashe ta. Yanki karan ka tsoma a kofin ruwa mai haske, idan ka ga wani farin zare-zare yana sauka daga yankan, cutar ƙwayoyin bakteriya ce da ke zaune a ƙasa mai ɗumi da danshi, ba ta da magani. Tuge shukar, fitar da ƙasar daga gidan, wanke mazubin. Irin gida da ka zo da shi a aljihu bai saba da wannan cuta ba. Nemi iri mai jure ta a shagon kayan gona, kamar Cobra F1 ko Padma F1, ka rene shi a Oktoba don ya yi 'ya'ya da rani. In dole sai da damina, yi masa rufin farar leda a sama ka bar gefe a buɗe, ka riƙa zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba. Albasa kuwa, ko irin Galmi ne, sanyi da busasshiyar iska take so kafin ta yi kai, nan lawashi za ka samu, to ka shuka ta don lawashin. Gero da dawa a bar su sai an koma gida.

Ruwan sama yana wanke taki daga mazubi, shi ya sa kaɗan-kaɗan akai-akai ya fi da yawa lokaci guda. Mako biyu bayan dashe, murfin kwalbar lemo ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a kewaye gindin, nesa da kara kamar yatsu huɗu, a rufe da ƙasa, a maimaita duk mako uku. Ganye idan ya fara fari-fari, babban cokali ɗaya na yuriya a lita 10 na ruwa, a daina mako guda kafin yanka. Ban ruwa kuma da yatsa ake aunawa: tura shi gaɓa biyu, in da danshi ka bari. Da rani bokitin attarugu kan sha lita 1 zuwa 2 a rana. Wanda ke sayen ruwa a jarka ya tara ruwan wankin shinkafa da na alwala, ban da mai omo ko bilic. A unguwannin da ke kusa da teku ruwan rijiya kan zo da gishiri, alamarsa farin ɓawo a saman ƙasa da bakin ganye da ke ƙonewa. Tari ruwan sama a duro, amma da murfi, kuma kada ka bar faranti cike da ruwa a ƙarƙashin bokiti, sauron Legas ba ya buƙatar taimako.

Ɓarnar dare yawanci ta dodon koɗi ce, yana iya share renon alayyafo gaba ɗaya kafin asuba. Fito da tocila bayan sallar isha ka tsince su, ka kewaye mazubin da busasshiyar toka, kana sabuntawa bayan kowane ruwa. Gafiya, ɓera da kaji sai raga ko tsohon gidan sauro. Darɓa da farin ƙuda suna ɓuya a bayan ganye, su ne ke sa ganyen attarugu da tumatir ya nannaɗe. Daka 'ya'yan dogon yaro rabin kilo, jiƙa a lita 10 ya kwana, tace, narka ɗan sabulu a ciki, fesa da yamma ta ƙarƙashin ganyen duk mako. 'Ya'yan sun fi samuwa a gida, ka sa mai zuwa ya taho maka da su. Maganin ƙwari da ake sayarwa a kwalabe marasa suna a bakin titi bai dace da ganyen da za a ci cikin mako ba.

Irin da ya shekara biyu a rataye a rumbu a gida, nan cikin 'yan watanni danshi ke kashe shi, ko ya yi fumfuna a leda. Busar da shi sosai a watan Janairu lokacin da iska ta fi bushewa, zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan busasshiyar toka, ajiye nesa da wurin girki. Irin da aka rubuta wa F1 kada ka ajiye 'ya'yansa, ba sa fitowa kamar uwarsu. Kafin ka cika buhu goma da tsohon iri, nannaɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle kwana 5, idan waɗanda suka tsiro ba su kai 7 ba, nemi sabo.