Daga Ganuwar St Elmo Zuwa Kududdufan Bukuru

Hutu ne ya kai mu tsibirin Malta, ni da uwargida da 'yarmu, kuma ba da niyyar kallon kayan yaƙi muka bar Jos ba. Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu ma harshen mutanen ne, domin asalinsa Larabci ne, har sunayen ranakunsu na mako suna kama da namu na Litinin da Talata da Laraba. A rana ta huɗu iska ta taso, teku ta ƙi shiguwa, sai muka bi titin da ya ratsa Valletta, babban birnin ƙasar, har ƙarshensa, inda ganuwar St Elmo take, wadda a cikinta aka ajiye gidan tarihin yaƙi na ƙasar.

An gina ganuwar a 1552, kuma a 1565 rundunar Turkawa ta Sarki Sulaiman ta yi mata ƙawanya kusan wata guda kafin ta faɗi, yaƙin da ya ci ran Turgut Reis, mai mulkin Tarabulus. Na wuce wannan sashe da ɗan sauri, duk da sulkunansa da takubbansa, saboda labari ne da aka bayar daga ɓangare ɗaya, kuma wanda ya tashi a gidan Musulmi yana jin hakan tun daga allon farko.

Ɗakunan Yaƙin Duniya na Biyu ne suka riƙe ni. Italiya ta shiga yaƙin ranar 10 ga Yuni, 1940, washegari kuwa bama-bamai suka fara sauka a Malta, domin tsibirin yana tsakanin Sisili da Libiya, a daidai hanyar da Italiya, daga baya kuma har da Jamus, suke bi su kai wa sojojinsu na Arewacin Afirka mai da abinci. A can na ga gangar jikin wani ƙaramin jirgin sama mai suna Faith, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun jiragen da suka tare harin farko. Ba shi da fukafukai yanzu, kuma idan mutum ya matsa kusa ya dubi ƙuncin mazaunin matuƙin, sai ya yi mamakin yadda wani ya yarda ya shiga wannan akwati ya tashi sama ana harbinsa. Can gaba akwai lambar girma ta George Cross, wadda Sarki George na Shida ya ba tsibirin baki ɗaya ranar 15 ga Afrilu, 1942, ita ce kuma take jikin tutarsu har yau. Lambar ba ta kai tafin hannu ba. A watan Agustan shekarar, lokacin da yunwa ta kusa sa su miƙa wuya, jiragen ruwa 14 na kaya suka taso domin kawo ɗauki, biyar kaɗai suka iso, cikinsu har da tankar mai Ohio, wadda aka shigo da ita tashar a tallafe tsakanin wasu jiragen yaƙi biyu.

Ina tsaye ina karanta wannan sai 'yata ta ce, "Baba, mu a lokacin me muke yi?"

Tambayar ta same ni a inda ban shirya ba, domin amsarta ita ce dalilin zamanmu 'yan Jos. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda yanzu take cikin ƙasar Malesiya, daga hannun Birtaniya, ita kuwa Malaya ce babbar mai samar mata da kuza, ƙarfen da ake lanƙaya wa gwangwanin abincin soja, ake kuma liƙe wayoyin na'urori da shi. Da aka rasa ta sai ido ya dawo kan tsaunukan Filato. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa lardunan Arewa kawo ma'aikata, hakimai da dagatai suka riƙa ɗiban mutane, aka kai su aikin tilas a ramukan kuza har zuwa 1944. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Sakkwato da Katsina suka tarar da sanyin da ba su taɓa ji ba, babu bargon kirki, babu isasshen abinci, da yawa suka mutu, wasu suka gudu. Kakana yana cikin waɗanda aka ɗebo, kuma da aka sallame su bai koma gida ba, ya zauna a Bukuru ya yi aure.

Ke nan a shekarar da aka rataya wa Malta lambar yabo, shi yana hawa da sauka a rami da kwanon sarki a kansa, saboda yaƙi ɗaya da sarki ɗaya. Ban ce wahalarsu ba ta cancanci yabo ba, ai wanda ya kwana a kogon dutse ana ruwan bama-bamai a kansa ya ga tashin hankali. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, su sun adana komai sun rubuta masa suna da kwanan wata, mu kuwa abin da ya rage mana shi ne tsofaffin ramukan kuzan da suka zama kududdufan da ke gefen hanya a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, waɗanda yara suke ɗauka Allah ne ya halicce su haka.

Mako guda bayan dawowarmu na ɗauki yarinyar muka je wurin Goggo, autar kakana, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji labarin daga bakinsa. Ta ce ba ya son maganar, sai dai duk lokacin hunturu yakan kwana kusa da wuta yana kiran sunayen wasu mutum uku 'yan garinsu da aka binne a can. Biyu ta tuna, na ukun ya ɓace mata, na rubuta su a wayata. Na tambaye ta ko kwanon sarkin nan da na sani tun ina yaro, wanda ake zuba wa kaji dusa a ciki, shi ne nasa.

"Shi ne mana," in ji ta. "Ai bara ɗan gwangwan ya saye shi."