Yinin da na yi tare da magoya bayan Frankfurt Galaxy

Ƙanina ne ya matsa mini. Yana karatu a Mainz, kuma ya kamu da son ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita. Da na kai masa ziyara cikin watan Yuli ya ce, "Yaya, ba za ka bar Jamus ba sai ka ga Galaxy."

Da hantsi muka sauka babbar tashar jirgin ƙasa ta Frankfurt. Muka taka zuwa bakin kogin Main, muka haye wata tsohuwar gadar ƙarfe, dogayen benayen bankuna na hango mu. Muka ci abincin halal wajen Turkawa a titin Münchener, muka yi azahar, sannan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa U7 zuwa unguwar Bornheim, inda filin wasan Galaxy yake.

Tun a cikin jirgin na fara ganin riguna masu launin shunayya, har da jarirai. Filin, PSD Bank Arena, bai kai girman da na zata ba. Mutum kusan 12,500 yake ɗauka, kuma asali gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta FSV Frankfurt ne. Amma ƙanƙantarsa ce ta sa na ji daɗinsa. Idan ƙarti biyu suka yi karo, sai ka ji ƙarar kwalkwalinsu kamar a gabanka.

Rabin sa'a na yi ban gane komai ba, sai a taru, a yi karo, a watse. Ƙanina ya ce in daina bin ƙwallo da ido, in riƙa ƙirga: yunƙuri huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Daga nan wasan ya buɗe mini. Na gane dalilin da ya sa jama'a ke yin tsit idan nasu ne da ƙwallo, su ɓarke da ihu da ganguna idan baƙi ne, don kada baƙin su ji umarnin jagoransu.

Wani dattijo da ke kusa da ni, sanye da rigar da ta koɗe, shi ya fi tsaya mini a rai. Ya ce tun yana saurayi yake bin Galaxy ta farko, wadda aka kafa a 1991 take wasa a filin Waldstadion, a garin da sojojin Amurka suka daɗe da zama tun 1945. Ya lissafa mini kofunanta da yatsu: 1995, 1999, 2003, 2006. A 2007 NFL, babbar hukumar gasar ƙwallon Amurka, ta rufe gasarta ta Turai, ƙungiyar ta mutu, shi kuwa bai yar da rigarsa ba. Shekara 14 ya jira kafin sunan ya dawo a 2021, kuma a shekarar suka doke Hamburg da ci 32 da 30 a wasan ƙarshe. Yana faɗa muryarsa na rawa, ni ma sai da jikina ya yi sanyi.

Aka tashi bayan kusan sa'a uku, rana na nan sama, don magariba sai bayan tara. A hanyar komawa Mainz jirginmu ya tsaya a tashar Stadion. Ƙanina ya nuna mini dajin da Waldstadion ke ciki, inda ƙungiyoyin NFL na Kansas City da Miami suka kara a Nuwamban 2023. Ni dai hankalina na kan dattijon nan, wanda na manta ban tambayi sunansa ba.