Milimita uku

Talata, mako na uku da fara horon aiki.

Na dawo gida tun kafin la'asar, amma har aka idar da sallar isha'i ban buɗe littafin rahoton da ake so mu cike kullum ba, saboda duk lokacin da na ɗauki biro sai lambar nan ta dawo mini, wato 11.8.

Da safe kuwa lafiya lau na fita. Umma ta dama koko, Yaya ya sayo ƙosai yana ta tsokanata da sunan da ya laƙaba mini na "likitar kunu", ni kuma ina ta kare farar rigata daga mai. An kwana ana ruwa, hanyar Zango duk ta caɓe, don haka sai da na tsaya kusan rabin awa kafin na sami keke, kuma duk da cunkoson da muka tarar a wajen Pen Cinema na riga Sista isa asibitin da nake horo, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na fara.

Talata ce ranar awo da rigakafi, kuma yau ne karo na farko da Sista ta miƙa mini ma'aunin dantse ta ce in zauna a teburin ni kaɗai. Wanda bai san shi ba zai ɗauka tsinken takarda ne da yara ke wasa da shi, amma a kansa ake yanke hukunci a kan yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. Ana lanƙwasa hannun hagu a nemo tsakiyar dantse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, sannan a saki hannun ya sauka, a zagaya ma'aunin ba tare da an matse ko an bar shi sako-sako ba. Idan ya kai santimita 12.5 ko ya haura, kore ne, yaro yana lafiya. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, tamowa ta fara kama shi. Ƙasa da 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. A makaranta mun haddace wannan don cin jarrabawa, mun kuma auna hannuwan juna muna dariya.

Har wajen ƙarfe goma sha ɗaya komai yana tafiya daidai. Na auna, na rubuta a kati, na taya ba da bitamin A, shuɗin ƙwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga waɗanda suka cika shekara. Tun da ni kaɗai ce mai jin Hausa a cikin ma'aikata, aikin tafinta ma ya zama nawa, ko da yake ba ya cikin takardar da aka turo ni da ita.

Sai ga wata mata ta zauna a gabana da yarinya goye a baya, ga kuma ciki wanda hijabinta bai iya ɓoyewa ba. Daga gaisuwarta na gane Bakatsiniya ce, kuma ba ta daɗe da zuwa Legas ba, domin har yanzu ba ta iya ko "ẹ kaaro" ɗin Yarbanci da kowa ke yi wa Sista ba. Da ta ji na amsa da Hausa sai fuskarta ta saki, ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe da tamu a nan." Ta kwance goyon. Yarinyar wata 14 gare ta, gashinta ya yi laushi ya soma ja, ba ta yi kuka ba kuma ba ta yi wasa ba, ido kawai ta zuba mini. Na danna bayan ƙafafunta biyu da babban yatsa na ƙirga daƙiƙa uku kamar yadda aka koya mana, na ɗaga, babu rami, wato babu kumburi. Na auna dantse, ya ba ni 11.8. Na sake aunawa don kada in zalunce ta, ya sake ba ni 11.8.

Na tambaye ta abin da yarinyar ke ci. Ta ce koko daga wurin mai koko, da shayi da burodi, wani lokaci a jiƙa mata tuwo da miya idan ta karɓa. Nono fa? Sai ta sunkuyar da kai ta ce an yaye ta wata uku da suka wuce, rana ɗaya, ranar da uwar mijinta ta gane kwanika ta yi, domin a wurinsu nonon mai ciki guba ne ga yaro. Tun daga lokacin ake fama, gudawa ta tsaya ta dawo, kuma kowa a gidan yana cewa haƙori ne.

A nan ne na gyara zama na fara karanto mata abin da ke kaina. Na ce mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa idan lafiyarta ƙalau, kuma shayarwa har shekara biyu ita ce shawarar masana, ita ce kuma take cikin Suratul Baƙara. Na ce kokon da ake tsinkawa ruwa ne yawancinsa, cikin yaro kuma ƙarami ne, yana cika kafin jiki ya sami abin da yake bukata, don haka a dama shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko dakakken busasshen kifi da ɗan manja. Na kawo mata garin da Sista ke koya wa iyaye, wanda a nan ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. Na ce ƙwai idan an samu, zogale, wake, a ba ta sau uku ko huɗu a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, a kwanonta ita kaɗai don kada manyan yara su riga ta. Ina magana ina jin daɗin kaina, domin ban manta ko ɗaya ba, kuma Hausar tana fita tsaf.

Ta bari na gama, sannan ta matso da kujerarta ta rage murya.

"Malama, ja ne ake ba gyaɗar asibiti, ko ba haka ba?"

Na ce mata a ina ta san wannan. Ta ce a can gida, kafin 'yan bindiga su tashe su, wan yarinyar ya yi irin wannan ciwo, aka ɗaura masa wannan abin ya nuna ja, aka riƙa ba su ledoji duk mako, kuma cikin wata biyu ya miƙe. Ta san abin da take faɗa. Haɗin gyaɗa ne da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, leda ɗaya giram 92, tana ba da kuzari kalori 500, ba a dafawa kuma ba a haɗa ta da ruwa, shi ya sa uwa ke iya jinyar ɗanta a gida.

"To ki ɗan ƙara ja mana, 'yar'uwa. Ai kaɗan ya rage. Ke tamu ce, wa zai sani?"

Ma'aunin yana hannuna, hannun yarinyar kuma yana kan cinyar uwar, siriri kamar sillen kara. Tsakanin 11.8 da layin ja milimita uku ne, kaurin da bai wuce na tsinken ashana ɗaya ko biyu ba, kuma gaskiyarta ne, da na ɗan matse yatsuna da an wuce wurin. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Amana ce." Na ƙara da cewa ko da ja ne, a nan ba mu ajiye ledojin, takarda za a ba ta zuwa babban asibiti, kuma rawaya abin godiya ne, domin yana nufin akwai sauran lokaci a gyara da abincin gida.

Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi fushin da ya fi mini sauƙi. Murmushi ta yi ta ce, "Abincin gida. Malama, babanta garuwa yake turawa, kuma kin ga damina ce, wa zai sayi ruwa? Mu bakwai ne a ɗaki ɗaya. Idan na dafa ƙwai na ba wannan, sauran su zauna su kalle ta?" Sannan ta tambaye ni, cikin ladabi ƙwarai, ko ina da 'ya'ya. Na ce ban yi aure ba tukuna. Ta ce, "Allah Ya kawo nagari," ta fara gyara zanin goyo.

A daidai lokacin Sista ta leƙo ta tambaye ni me matar ke cewa da muka daɗe haka. Na ce tana tambaya ne a kan abincin da za ta ba yarinya. Sista ta duba kati, ta ga 11.8, ta ce in gaya mata ta dawo bayan mako biyu a sake awo, ta kuma zo ranar Alhamis da ake koyar da dama kunu, ta sa aka ba ta garin ruwan gishiri da sukari da ƙwayoyin zinki saboda gudawar. Na fassara wannan kalma da kalma.

Abin da ke cina shi ne ban san wanne daga cikin abubuwa biyun da na yi ya fi damuna ba. Ƙin jan ma'aunin na san daidai ne, kuma ko gobe aka maimaita haka zan yi. Layin nan ba don a wulaƙanta kowa aka ja shi ba, an sa shi a 11.5 ne saboda daga nan zuwa ƙasa haɗarin mutuwa ke tashi sosai, kuma ledar da aka ba wanda bai kai ba an ɗauke ta ne daga bakin wanda ya kai. Ban da haka, lambar ƙarya a kati tana bin yaro, wanda zai auna ta nan gaba zai ɗauka ta samu sauƙi alhali tana nan inda take. Amma amsar da na ba Sista fa? Na rufa wa matar asiri, haka na gaya wa kaina a keke, domin ba na so a yi mata kallon mai son zamba, ba na kuma so a ce ga halin mutanenmu. Sai dai a cikin rufin asirin na haɗiye maganar garuwa da damina da mutum bakwai a ɗaki ɗaya, wato ainihin dalilin ciwon, kuma Sista, wadda ta fi shekara ashirin a wannan aiki, ita ce mai yiwuwa ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Na ba ta rabin labari, ta yanke shawara a kan rabin labari.

Na tuna darasin da aka yi mana a aji biyu a kan kalmar kwashiorkor, wadda likita Cicely Williams ta shigar da ita littattafan likitanci a 1935 daga harshen Ga na Gana, aka ce ma'anarta ciwon da yaro ke kamuwa da shi idan an sauke shi daga nono saboda ƙani na tafe. A lokacin na rubuta shi ne a matsayin tarihi, ban haɗa shi da kwanikar da nake ji a bakin su Goggo tun ina ƙarama ba. Haka ma alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018, da suka ce kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Mu da muka tashi a Agege muna ɗaukar wannan labarin can gida ne, labarin da ake ji a rediyo, alhali motocin da ke sauke tumatir da albasa a Mile 12 suna sauke mutane ma.

Na kuma lura da wani kuskure nawa wanda ba ruwansa da amana. Na yi ta faɗa mata awo shida, awo uku, awo ɗaya, ban tambaye ta ko tana da murhun kanta ba, ko kuɗin niƙa, ban kuma rage lissafin ya dawo gwangwanin madara ba, wanda shi ne abin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya saya. Uwar mijin da ta yanke hukuncin yaye ma tana gida, kuma ita ce za ta ce a yi ko a bari, ni kuwa na ɓata bakina a kan wadda ba ta da ta cewa.

Da na ba Umma labari bayan magariba, ba ta ce na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Ta dai tambaye ni, "Kin tambaye ta gidan wa suka sauka?" Na ce a'a. Ta ce baƙon da ya zo daga arewa ba ya rasa mai masauki, kuma da na san sunan mai gidan da kafin Juma'a an san wadda za ta shiga ta yi magana da tsohuwar, tsohuwa da tsohuwa. Ta ƙara da cewa akwai ragowar waken suya a ɗakin ajiya wanda ta sayo don awara, in ɗiba idan zan tafi ranar Alhamis. Ban san ko an yarda mai koyon aiki ya ba mara lafiya abu daga gida ba, wannan ma sai na tambaya.

A littafin rahoto na rubuta cewa na auna yara 34, an sami rawaya uku, babu ja, na kuma taya ba da bitamin A. Gobe in Allah Ya kai mu zan riga Sista isa in gaya mata sauran maganar, har da abin da aka roƙe ni, kuma tun yanzu cikina yana ɗurar ruwa idan na tuna yadda take kallon mutum ta saman tabarau. A katin yarinyar, wurin adireshi, Zango kawai na rubuta.